Mangwaro, lemun tsami, gwaba ko gwanda: wanne ya dace da tsakar gidanka a Katsina?

Bara waccan ƙanena ya tare a sabon gidansa, can bayan gari ta hanyar Dutsin-ma, inda har yanzu kangaye sun fi gidajen da aka shiga yawa. Fulotin ƙafa hamsin ne sau hamsin, gini ya cinye kusan duka, sai wani ɗan fili da ya rage tsakanin kicin da katangar maƙwabci, taku bakwai a tsaye, biyar a kwance. Ranar da na je yi masu barka da tarewa, ko ruwa ban sha ba ya ja hannuna zuwa wurin. "Yaya, nan zan sa mangwaro, irin na gidan Kaka." Matarsa tana daga bakin kicin ta ce, "Ni dai Yaya, da lemun tsami aka sa mani." Na ce su ba ni mako guda in yi tunani. Amsar da na kai masu ita ce wannan, na ɗan faɗaɗa ta ne don na lura ba su kaɗai ke wannan ja-in-ja ba.

Na san mangwaron da yake nufi. Yana tsakar gidan kakanninmu a Daura, dab da rijiya, mutum biyu ba sa iya rungume gindinsa. A ƙarƙashinsa ake daka, a nan ake shimfiɗa tabarmi da azahar, a nan muka sha bulala saboda jifar ɗanye. To amma gidan Kaka ya yi fulotin ƙanena shida, ginin ƙasa ne, babu siminti a tsakar gida, babu sokawe, kuma duk gugan da aka jawo sai wani abu ya zuba a gindin iccen. Ƙanena ya riƙe inuwar a ransa, ya mance filin da rijiyar.

Kafin a zo maganar wane ɗan itace ya fi daɗi, sai mutum ya fara duba ruwansa. A Katsina da Daura damina ba ta cika wuce wata huɗu ba, daga Yuni zuwa Satumba, ruwan shekara kuma yana tsakanin milimita 600 zuwa 700, wata shekarar ma bai kai ba. Ka kwatanta da Funtuwa ko Bakori, inda ake samun kusan 1000, ka ga dalilin da mangwaro ke tashi can kamar ba a dasa shi ba, mu kuwa sai da reno. Ƙasarmu jigawa ce, tana shanye ruwa nan take. Daga Oktoba har Mayu duk abin da dashe zai sha daga hannunka zai fito, ga iskar hunturu tana busar da ganye, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Ƙaramin dashe a irin wannan ƙasa yana son jarka guda duk kwana biyu. Yi lissafi: wata takwas kwana 240 ne, wato jarka 120 ke nan a kan icce ɗaya a shekara. Mai burtsatse a gida ba zai ji komai ba. Wanda 'yan ga-ruwa ke kawo wa kura kuwa, gara ya san wannan adadi tun kafin ya haƙa rami.

Akwai ruwan da muke zubarwa a banza: na alwala, na wankin shinkafa da kayan miya, na ɗaurayar kwanuka. In aka karkatar da makwararar wurin alwala zuwa gindin icce, an rage rabin wahala. Ruwan wanki mai omo da bilic ne kawai ban yarda da shi ba, domin gishirinsa na taruwa a ƙasa, a hankali gefen ganye ya fara ƙonewa.

Bari in fara da mangwaro tunda shi ne sarkin gardamar. Abin da ya fi sauran da shi a fili yake. Saiwarsa na nutsawa ƙasa sosai, in ya shekara huɗu ko biyar ya kama, ba ya ƙara damunka da ban ruwan kullum. Yana daɗewa, jikoki su ci abin da kaka ya dasa. Inuwarsa kuwa ba ta da na biyu, sai dai bedi, shi kuma bedi ba a shan ɗiyansa. A garin da rana ke dukan kwano tun ƙarfe goma na safe, wannan inuwa kaɗai ta isa hujja.

Matsalarsa girma. A gona ana ba kowane mangwaro tazarar mita takwas zuwa goma, fulotin ƙafa hamsin kuwa gaba ɗayansa mita goma sha biyar ne da 'yan kai. Icce ɗaya in ya cika girma zai rufe fiye da rabin faɗin gidan. Rassa su hau kwano, ganye ya toshe indararo, saiwa ta bi danshi ta nufi sokawe, intalok ya fara tashi. Reshen da ya leƙa gidan maƙwabci kuma, in ɗiya ya yi ba a faɗa, in shara ce za ka ji saƙo. Ana iya tsare shi da aski duk shekara bayan an gama girbi, a hana shi wuce tsayin ɗaki, amma mu faɗi gaskiya, mutum nawa ne ke yi? Yawanci sai ya gagara ake neman mai gatari.

In ka tsaya a kan mangwaro, to ka nemi mai aure, wato wanda aka ɗaura reshen iri mai kyau a kan karan wani dashen suka haɗe. Wanda aka shuka daga ƙwallo yakan kai shekara shida zuwa takwas kafin ya yi huda, kuma ba lallai ya ɗauko zaƙin uwarsa ba, kana iya gama jira ka samu mai zare da tsami. Mai aure a shekara ta uku ko ta huɗu yake fara bayarwa, bai kai na ƙwallo girma ba, kuma abin da aka ce maka shi za ka gani, binta suga ce ko paparanda ko juli, muddin mai dashen ya faɗi gaskiya. Ka duba wurin auren da idonka: ɗan kumburi ne ko tabo a jikin karan, kamar taƙi ɗaya daga bakin leda, wani lokaci da sauran ledar da aka ɗaure shi da ita.

A nan na taɓa yin asarar da har yau take yi mani ciwo. Na sayi mai aure a wajen wani mai dashe a bakin titi, na dasa, ya kama. Bayan 'yan watanni sai ga wani toho ya fito daga ƙasan wurin auren, jawur, mai ƙarfi, yana tashi kamar ana jansa. Na saman kuwa ya tsaya cak. Na yi ta murna wai icce ya yi reshe biyu. Da na ga na saman ya fara bushewa ma, da hannuna na datse shi don kada ya tauye ɗan'uwansa. Shekara shida ina ban ruwa. Ranar da ya yi ɗiya, ƙanana ne masu zare, irin waɗanda yara ke tsotsa su yar. Na koma wurin wani dattijo mai lambu a wajen Ƙofar Marusa ina ƙorafin an cuce ni. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Malam, ba wanda ya cuce ka. Amaryar ka kora, ka riƙe uwar gida. Duk tohon da ya fito ƙasan aure, fizge shi tun yana ɗanye." Haka na dawo gida ba bakin magana.

Sai gara. A sabbin unguwanni, inda jiya-jiya gona ce, gara ta fi kashe dashen mangwaro fiye da ƙishirwa. Tana bin ɗanyen taki da busasshen kara, don haka kada a zuba kashin shanun da bai ruɓe ba a rami, kada kuma a jingina ciyawa a jikin karan. Toka da garin ganyen bedi a kewayen gindi suna taimakawa, sai kuma yawan dubawa: da ka ga ta fara ɗora ginin ƙasa a jikin icce, ka kankare.

Abin da masu sha'awar mangwaro ba su cika lissafawa ba shi ne yadda amfaninsa ke zuwa. Yana huda cikin hunturu, ya nuna da bazara, kuma kusan gaba ɗaya yake nuna, cikin mako uku zuwa huɗu. A daidai lokacin ne kasuwa ke cika da shi, motoci na sauke na kudu, kowace kwana da baro. Wato ranar da kake da shi, kowa ma yana da shi. Wata goma sha ɗaya da suka rage kuma shara ce da inuwa. Ga shi yana da halin yin shekarar cika da shekarar hutu: bana ya yi kamar rassa za su karye, baɗi ka ƙirga da yatsu.

Ba wai babu abin yi da shi ba. Daro biyu za su tafi gidajen maƙwabta da dangi, wannan kuwa ba asara ba ce, da shi ake ɗinke zumunci. Wanda ya ƙosa bai nuna ba, a tsinke shi da ɗan guntun kara don kada ƙaronsa ya zubo ya ƙona bawon, a jera a kwali a rufe da takarda, cikin kwanaki zai nuna da kansa. Ba ruwanka da kabayid, sinadarin da wasu 'yan kasuwa ke sawa don ya nuna da wuri, wanda hukumar NAFDAC ta sha jan kunne a kansa, kuma wannan na cikin ribar icce na gida. Wanda ya fi ƙarfin ci kuma a shanya. A Burkina Faso busasshen mangwaro sana'a ce babba, har Turai suke kaiwa, kuma ranarsu ba ta fi tamu zafi ba. A fere wanda ya nuna amma bai yi laushi ba, a yanka falle-falle, a jera a tire ko a kan raga, a rufe da tsohon gidan sauro saboda ƙuda da ƙura, a ɗora a wuri mai iska. A zafin Afrilu kwana uku ko huɗu sun isa ya koma kamar kilishi, yana lanƙwasuwa ba ya karyewa. A zuba a kwalba mai murfi, yara su ci har damina ta yi nisa. Marar zare ne ke yin kyau, mai zare ɓata lokaci ne. Ana markaɗawa a sa a firiza ma, amma wannan sai gidan da ke da sola.

Yanzu ga lemun tsami, wanda matar ƙanena ta roƙa. Ban ɓoye masu ba, na ce ita ce ta fi shi gaskiya.

Icce ne da ya san girman gidajen yanzu. Mita uku zuwa huɗu ya ishe shi, yana karɓar aski, saiwarsa ba ta tayar da gini. Mai aure kan fara ɗiya a shekara ta uku, na iri kuma ya ɗan fi jinkiri, amma shi ba kamar mangwaro ba ne, na irin ma yakan ɗauko halin uwarsa. Babban abin da ya sa nake fifita shi kuwa, ba ya zubo maka amfaninsa rana ɗaya. In yana samun ruwa, za ka ga fure da ƙanana da ƙosassu a lokaci guda a kan icce ɗaya, a yi ta tsinka kusan duk shekara. Da bazara, lokacin da yake wuya a kasuwa har mai kayan miya na ƙirga maka guda uku yana ɓata rai, naka na bayan kicin.

Ka zauna ka lissafa sau nawa ake aiken yaro sayen lemun tsami a gidanku cikin wata. Kunun gyaɗa in babu tsamiya. Wankin kifi da kaza da kayan ciki don kashe ƙarni. Baƙin shayi. Zoɓo. Kwaɗon latas da na zogale. Mura ta kama yaro, a matsa a ruwan ɗumi da zuma. Mata na sawa a lalle, suna dafa halawar gyaran jiki da shi da sukari. Ɓawon da aka matse ma a goge bayan tukunya da shi. Mangwaro baƙo ne mai zuwa sau ɗaya a shekara da kaya niƙi-niƙi, lemun tsami kuwa ɗan gida ne da ake aike kullum.

In ya yi yawa, musamman ƙarshen damina, akwai dabarar da alhazai suka sha gani a kasuwannin Makka da Madina ba tare da sun kula ba: busasshen lemun nan baƙi ko ruwan ƙasa da Larabawa ke jefawa a shinkafa da farfesu. Ba wani sirri a ciki. A tafasa lemun na 'yan mintoci a ruwan gishiri, a tsane, a shanya a rana ana juyawa har ya yi tauri ya yi sakayau, in ka girgiza ka ji 'ya'yan na motsi a ciki. Yakan ɗauki makonni, amma iskar hunturu kamar don wannan aiki aka yi ta. A huda guda ɗaya a jefa a farfesun kayan ciki, za ka ba da labari.

Laifinsa uku ne. Na farko ƙaya, don haka kada a sa shi inda yara ke guje-guje ko kusa da igiyar shanya. Na biyu, ba ya yaye kansa daga ban ruwa kamar mangwaro. Saiwarsa a sama-sama take, ko ya girma in ka yi tafiyar mako uku da bazara ba ka bar wa kowa amanarsa ba, za ka tarar ganye ya naɗe, ƙananan ɗiyan sun zube. Na uku, duk da son ruwansa, ba ya son ruwa ya kwanta a jikin karansa. In ana zuba masa a gindi kai tsaye, sai ka ga ƙaro na tsatsowa daga ɓawon, daga nan ruɓa ta shiga. Maganin shi ne a tara ƙasa kaɗan a kewayen karan, a yi kwarin ban ruwa a zagaye, nesa da shi kamar taku ɗaya. Sabon gida kuma yana da wani tarko: ɓaraguzan siminti da magina suka binne a tsakar gida. Lemun da aka dasa a kansu ganyensa kan yi ɗorawa, jijiyoyin kawai su rage kore, icce ya ƙi gaba. A kwashe su tas a kawo ƙasa mai kyau. Akwai wata tsutsa mai kama da kashin tsuntsu tana ƙarama, ta koma kore in ta girma, tana cinye sabon toho. A icce ɗaya hannu ya isa maganinta, ba sai an yi feshi ba.

Kada a ruɗe a ce tunda tsami ya yi, zaƙi ma zai yi. Lemun zaƙin da muke sha daga Binuwai ake kawo mafi yawansa, inda ruwa ya ninka namu. A nan yana rayuwa, amma in ruwa ya yi masa ƙaranci sai ka yanka ka tarar da ciki a bushe kamar soso. Mai burtsatse da haƙuri ya gwada, saura su bar wa Tibi abinsu.

Gwaba tana tsakiya. Ta fi lemu jure wulaƙanci: ta jure ƙishi, ta jure ruwa ya kwanta mata kwana biyu, ba ta zaɓen ƙasa, a shekara ta biyu ko ta uku ta fara ɗiya. Girmanta daidai da ƙaramin gida, babu ƙaya, rassanta masu santsi ne da ƙwari, shi ya sa yara ke mayar da ita wurin wasa. Wajen amfani a jiki kuma ta wuce yadda ake ɗaukarta: giram 100 na gwaba na ɗauke da bitamin C sama da miligiram 200, lemun zaƙi kuwa kusan 50. Ganyenta ma iyayenmu na dafawa don ciwon ciki, ko a haɗa da na mangwaro da na lemu a yi surace, kodayake zazzaɓin da ya wuce kwana biyu asibiti yake so.

Abin da ke kashe wa mutane gwiwa da ita tsutsa ce. Ka ga gwaba ta yi kyau a ido, ka gatsa, ka ga abu na motsi. Wani ƙaramin ƙuda ne ke huda ɓawon ya saka ƙwai tun tana kan icce. Mafi ɓarna a cikinsu ɗan Asiya ne, an fara ganinsa a Kenya a 2003, cikin shekara biyu ya iso Afirka ta Yamma, kuma mangwaron da ya kai farkon damina ma bai tsira daga gare shi ba. Gwaba ta fi shan wahalarsa don ita a ƙarshen damina take nuna, lokacin da ya fi yawa. A gida ana iya rage shi: duk wadda ta faɗo a tsince ranar, a ƙulle a baƙar leda a bar ta a rana, kada a bari tsutsar ta shiga ƙasa ta dawo ƙuda. Waɗanda kake so ka ci lafiya kuma ka sa masu riga tun suna kamar ƙwan kaza, da takarda ko ƙyalle ko leda mai huji. Aiki ne, amma a icce ɗaya bai fi na yamma guda ba. Sauran laifinta, ba ta ajiyuwa. Kwana biyu zuwa uku bayan ta nuna ta yi laushi, ƙamshinta ya cika ɗaki. Sai dai a markaɗa a tace 'ya'yan a sha, ko a dafa da sukari da ɗan lemun tsami ta yi kauri a riƙa shafa wa yara a burodi. Jar ta fi kyau a wannan, farar ta fi daɗin gatsa.

Gwanda kuwa ban ma cika sa ta a layin itatuwa ba, don ta fi kama da amfanin gona mai tsayi. Ka shuka 'ya'yan wadda ka saya ka ji daɗinta, cikin wata tara zuwa shekara ka fara ci. Ba ta cin fili, ba ta taɓa gini, ɗan haya ma na iya shukawa ya ci abinsa kafin mai gida ya ƙara kuɗi. Tana bayarwa ɗaya bayan ɗaya tsawon watanni, ga daɗin buɗa baki. Ɗanyarta ana ferewa a sa a miya, kuma in naman Layya ya yi tauri, a naɗe shi a ganyenta ko a jefa yanki ɗanye a tukunya, farin ruwan nan nata na narkar da shi.

Sai dai akwai namiji da mace, ba ka ganewa sai sun yi fure. Namijin kan zubo da dogayen sanduna masu ƙananan furanni da yawa, macen kuwa furenta babba ne, manne da jikin kara. Akwai kuma mai haɗe da duka biyun, wadda ke yin dogayen ɗiya, ita ce aka fi so. Saboda haka a shuka uku ko huɗu a wuri ɗaya, in sun nuna halinsu a cire waɗanda ba a so. Wasu na cewa in ka sare kan namijin zai rikiɗe ya koma mace. Na gwada sau biyu, namiji ya sake fitowa. Ita ce ta fi duk sauran shan ruwa, ita ce kuma ta fi saurin mutuwa in ruwan ya kwanta mata, don haka a ɗan tudu ake sa ta. Karanta rami ne a ciki, guguwar farkon damina na iya kwantar da ita dare ɗaya da ɗiyanta duka. Bayan shekara uku ta yi tsayin da sai da gora, ɗiyan sun ƙanƙance, sai a sare a sake sabuwa.

Rumman ya cancanci a fi dasa shi a ƙasar nan fiye da yadda ake yi. Ya saba da zafi da fari tun asalinsa, ƙaramin icce ne, ana dasa shi daga reshe, ga albarkar ambatonsa sau uku a Alƙur'ani. In ana ban ruwa yau a bari mako biyu a dawo a cika, ɗiyan kan fashe kafin su nuna, wannan ne kawai abin kiyayewa. Dabino kuwa na mai fili ne da dogon numfashi. Shi ma namiji da mace ne, na ƙwallo kusan rabi maza suke fitowa, sai bayan shekaru za ka sani, kuma sai an ɗauko garin furen namiji an barbaɗa wa macen da hannu. Mai son sa da gaske ya nemi ɗan da aka cire daga gindin macen da aka san ɗiyanta, ko ya tuntuɓi tashar binciken dabino ta NIFOR da ke Dutse.

Ko wanne aka zaɓa, lokacin dashe ɗaya ne: in damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli, don icce ya samu wata biyu ko uku na ruwan sama kafin ya dawo hannunka. Ramin ƙafa biyu faɗi, biyu zurfi, a cakuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen takin awaki, a yage ledar a hankali kada ƙasar saiwa ta watse, kada kuma a binne wurin aure. In akwai akuya a gidan, ko ta maƙwabta na shigowa, a kewaye da bulo tun ranar. Akuya ba ta san kuɗin dashe ba.

Da na koma bayan mako guda, ga yadda na yanke masu. Mai gida irin na da, fili wadatacce da rijiya ko burtsatse, ya sa mangwaro mai aure a tsakiya, nesa da gini da sokawe kamar taku takwas, ya ƙara sauran a gefe. Mai fuloti ɗaya da ke sayen ruwa, icce ɗaya tal zai iya riƙewa da kyau, kuma lemun tsami ne. In gidan yara ne da yawa, ana tsoron ƙaya, ko mai gidan matafiyi ne ba mai kula da ban ruwa, gwaba ta fi. Ɗan haya da mai gaggawa, gwanda. Wanda ruwa ya yi wa wuya ƙwarai, rumman. A filin ƙanena kuwa na ce a sa lemun tsami a kusurwar da ruwan alwala ke bi, a shuka gwanda biyu a gefe su riƙe gidan kafin lemun ya tasa, lokacin da zai buƙaci wurin su sun gama zamaninsu.

Ya yi shiru, ya ce, "To Yaya, mangwaron fa?" Na ce in ya matsu, ga ƙofar gida nan, titin unguwar da faɗi, kuma ba wayar wuta ta wannan gefen. Haka aka yi. Gwandar ta fara nuna da bazarar da ta biyo, matarsa ta aiko mana da biyu a cikin kwano da murfi. Lemun ya kai kafaɗata, watan jiya na ga furensa na fari. Mangwaron ƙofar gida kuma sau biyu awaki na cinye kansa, yanzu ya ƙara bulo layi uku ya ɗora ƙayar magarya a sama, kuma duk zuwana sai ya duƙa ya nuna mani ƙasan auren, wai in duba ko akwai tohon da ya ɓuya masa.